Ba Kai Ne Diyyar Idona Ba

Ranar da Al'amin ya fara ganin Rahama, ita ba ta gan shi ba, kuma ba jan aji ya hana ta ba. Idanunta biyu a ɗaure suke da farin bandeji. Tana zaune kan tabarma a inuwar dogon yaron tsakar gidansu, ta miƙe ƙafafu, tana jan carbi a hankali kamar wadda ba ta da sauran gaggawa a duniya.

Kwana goma sha biyu ke nan da abin ya faru. Motar hayar mahaifinsa, Alhaji Jatau, ta taso daga Maradi za ta Madarumfa. Da suka wuce mararrabar Safo direba ya kauce wa amalanken shanu, taya ta fashe, mota ta rungumi gawo. Babu wanda ya rasu. Direban, Ɗan Baba, wan Al'amin ne, ya karye a hannu. Rahama kuwa, malamar lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Gabi, ita ce a gidan gaba, gilashi ya watse mata a fuska.

Shi ya sa ranar nan Alhaji Jatau ya ɗebo liman da dattawa biyu suka zo ƙofar gidan Malam Tsoho masunci, mahaifin Rahama, neman afuwa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro, aka yi ta tuna wa juna cewa ƙaddara ta riga fata. Malam Tsoho mutum ne da ba ya son a roƙe shi sau biyu. Tun liman bai kai aya ba ya ɗaga hannu ya ce ya yafe duniya da lahira, gobe ma zai je wurin jandarma ya dangwala yatsa cewa ba ya neman shari'a da kowa.

Al'amin ba ya cikin masu magana. Aikinsa ɗaukar kaya ne, shi ya saɓa buhun shinkafar da aka kawo ya yi sallama ya shiga da shi ciki. Da ya dire buhun ya ɗago, sai ya tsaya.

"Sannu da jiki, Madan," in ji shi, don ya ji haka 'yan lakwal suke kiranta.

Ta juyo da fuska wajen muryar. Ta tambayi ko wane ne, ya ce Al'amin ne, ɗan Alhaji Jatau.

"Masu motar," ta ce. "An gama yahewar a waje?"

"An gama."

"Madalla. Ni dai ba a tambaye ni ba, amma madalla. Ka ce wa Alhaji mun gode da shinkahwa."

Babu faɗa a muryarta, har da ɗan murmushi. Amma Al'amin ya fita daga gidan nan da nauyin da ya fi buhun da ya shiga da shi, kuma tun a hanyar komawa ya san zai nemi dalilin dawowa.

Dalili kuwa ba ya wa mai so wuya. Yana da garka a bakin tabki, ta zogale da tattasai, sai zogale ya zama abin da lafiyar Rahama ba za ta yi ba sai da shi. Ranar wanke ciwo shi yake ɗaukarta da Gwaggo Tani zuwa asibiti a Maradi. Gwaggo Tani yayar Malam Tsoho ce, ita ta riƙi Rahama tun rasuwar mahaifiyarta, kuma tun zuwa na uku ta gane cewa ba tausayi kaɗai ke tuƙa motar nan ba.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ne likita ya faɗi gaskiya. Idon dama ya tafi, ba zai dawo ba. Na hagu yana ganin haske da duhu, kuma akwai rabon a ceto wani abu daga cikinsa idan an yi aiki a Yamai, amma aikin ba na aljihun masunci ba ne. Rahama ta saurara har ƙarshe, ta yi wa likita godiya. Sai da suka shiga mota ta tambayi Gwaggo ko an samu wanda ya karɓi ajinta, don yaran suna tsakiyar koyon raba lissafi. A nan muryarta ta karye, ta yi kuka har Madarumfa.

Da ma tana da saurayi, Sani mai shagon waya, wanda har an fara maganar kawo kayansa. Bayan haɗarin hirarsa ta dinga gajarcewa, daga awa zuwa gaisuwa, daga gaisuwa zuwa saƙo a bakin wani, har aka wayi gari aka ce ya ƙetara Jibiya neman kuɗi. Rahama ba ta yi masa baki ba. Cewa ta yi kowa da nauyin da wuyansa ke ɗauka.

Al'amin ya daɗe yana juya maganar da ke ransa. Da ya ga bakinsa ya ƙi, sai ya yi abin da samarin zamani suke yi, ya rubuta. Wayo ya ƙare wa mai wayo, don bai tuna wa yake rubuta wa ba sai da saƙon ya tafi.

Wayar ta yi ƙara da hantsi, mata huɗu suna sussukar gero a tsakar gida. Rahama ta miƙa wa Gwaggo Tani, wadda ta yi yaƙi da jahilci shekaru da yawa da suka wuce, kuma ba ta iya karatu a zuci ba. Gwaggo ta gyara zama, ta nisanta wayar da fuskarta, ta shiga bi baƙi bayan baƙi da muryar da za a ji a maƙwabta:

"Madan, barka da hantsi. Na daɗe ina son in faɗa miki wata magana. Tun ranar da na shigo gidanku da buhu ban sake zama daidai ba. In ina ban ruwa ke nake tunani, har jiya na bar injin ya cika kwamin tattasai ya yi ambaliya. Ina son ki. In na yi laifi ki yafe mini, amma wannan karon ke nake tambaya, ba Baba ba. Al'amin."

Taɓare suka tsaya cak. Sai guɗa ta tashi. Rahama ta ja mayafi ta rufe kai, tana jin kunya tana jin dariya, da wani abu na uku da ta ɗauka ya mutu tare da idonta.

Da la'asar saƙon murya ya shigo wayarsa:

"Malam mai zogale, wanda ya rubuta wa makauniya wasiƙa ai unguwa ya rubuta wa. Yanzu har kajin gidanmu sun san tattasanka ya sha ruwa. In kana da magana ka zo zaure ka hwaɗe ta da baki. Kuma ka gyara, jimlolinka sun cika tsawo."

Ya saurare shi ya fi sau goma. Daga ranar ya zama Ɗalibi, ita kuma Madan tawa.

Hirarsu ta la'asar ce, a zaure, Gwaggo tana daga ciki tana tari duk lokacin da ta ji shiru ya yi yawa. Rahama takan sa shi ya ba ta labarin tabki. Idan ya ce tabki yana nan lafiya, sai ta ce sifiri ta ba shi, ya sake. Dole ya koyi kallo: ruwa ya ja baya har ya bar kututturen nan a fili, belbelu sun sauka a tsibiri, kwalekwalen Babanta ne na uku daga gabas, an yi masa sabon faci da kwalta. Al'amin a bakin tabkin nan aka haife shi, amma sai da ya zama idon wata ya san yadda yake.

Da ya kai magana gida, mahaifiyarsa Hajiya Rabi ta ce sam. Ba ta ƙi yarinyar ba, in ji ta, tana tausayinta ƙwarai, amma wa zai yi girki, wa zai ga yaro ya nufi murhu? Tausayi daban, aure daban. Ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa da kyau.

Alhaji Jatau ne ya ba kowa mamaki. Ya amince nan take, har da shafa gemu. Al'amin ya yi murna don bai san dalili ba. Dalilin ya fito ne a tasha, inda Alhaji yake zama kan benci da abokansa, kuma shi mutum ne da ba ya iya riƙe dabara a ciki idan yana ganin ta yi kyau.

"In yaron ya aure ta ai shi ke nan," in ji shi. "Mun ɗauki ido, mun ba da miji. Magana ta mutu, babu mai sake tada ta."

Maganar tasha ba ta kwana a tasha. Kafin azahar ta gobe ta shiga gidan Malam Tsoho a bakin mai tallan fura. Malam Tsoho ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce shi don Allah ya yafe, ba don a biya shi da suruki ba, kuma kada ya ƙara ganin ɗan Alhaji a zaurensa. Da yamma Rahama ta ɗauki waya:

"Al'amin, na ji abin da Alhaji ya hwaɗa. Ban ce kai ka hwaɗa ba. Amma in na shiga gidanku a haka, duk ranar da ka yi mini alheri zan ce bashi kake biya, duk ranar da ka ɓata mini zan ce ka gaji da biya. Na rasa ido, ban rasa daraja ba. Ba kai ne diyyar idona ba, kuma ba ni son ka zama. Ka dakata da zuwa."

Al'amin yana cikin garka lokacin da ya ji saƙon. Ya zauna a bakin kwami, ya rasa abin da ke masa daɗi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san wani abu da ita ba ta sani ba, kuma ya daɗe da saninsa.

Shi ne mai riƙe takardun motocin gidansu, tunda shi ya yi boko. Duk shekara shi yake zuwa Maradi ya sabunta asiransi, wato inshorar mota, kuma ya karanta abin da ke rubuce a bayan takardar: idan motar ta ji wa fasinja ciwo, kamfanin ne zai biya. Tun makon haɗarin ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya yi masa kallon wanda ya zo da shirme. A wurinsa, da duk masu motocin da ke zama kan bencin nan, asiransi takardar shinge ce, ana sayenta ne don jandarma ya duba ya sauke igiya. Shekara ashirin yana biya bai taɓa jin ta haifi ko dala ba. Kuma ya ce in aka tada maganar sai an buɗe shari'a, in aka buɗe shari'a Ɗan Baba za a ɗaure, ko so yake ya kai wansa gidan kaso? Al'amin ya ja bakinsa ya yi shiru. Shirun nan ya kai wata biyar.

Washegari ya tsaya daga bayan katangar zana, inda dokar Malam Tsoho ba ta kai ba, ya roƙi Gwaggo ta fito masa da Rahama. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba.



"Wata biyar kana kawo mini zogale," ta ce, "takardar idona tana cikin akwatinka?"

"Tsoro ya hana ni, Madan. Na Alhaji da na abin da za ya samu Ɗan Baba. Ba ni da wata hujja."

"Da ka yi mini ƙarya yanzu da na hi jin sauƙi," in ji ta. Ta juya ta lalubi hannun Gwaggo suka koma ciki.

Ya cancanci wannan, shi ma ya sani. Bai aika saƙon ban haƙuri ba. Ya je gida ya buɗe akwati ya ɗauki takardar, ya sami Alhaji ya durƙusa ya gaya masa abin da zai yi. Alhaji ya yi faɗan da aka ji a waje, ya ce ɗan da ya haifa zai kai ƙarar gidan ubansa saboda mace, ya karɓe makullan mota, ya ce ya fita ya ba shi wuri. Al'amin ya naɗe tabarmarsa ya koma bukkar garka.

A can Ɗan Baba ya same shi, hannu har yanzu bai gama miƙewa ba. Al'amin ya zaci faɗa ya zo yi. Ashe tun ranar haɗarin bawan Allah bai sake samun natsuwa ba, ko hanyar gidan Malam Tsoho ba ya iya bi. Ya ce an yafe masa a gaban mutane amma shi bai ji an sauke masa komai ba, don haka duk inda za a je a tafi da shi, zai faɗi gudun da yake yi ranar da bakinsa.

Saura Malam Tsoho. Rahama ta kai shekarun da za ta sa hannu da kanta, jandarma ma sun ce konsta, wato rahoton da suka rubuta ranar haɗarin, yana nan a ajiye. Amma ta ce ba za ta tsallake maganar mahaifinta ba, ko da idon zai rufe gaba ɗaya. Shi kuwa ya kafe. Ya yafe a gaban liman, yaya zai dawo ya lashe amansa, a ce Tsoho ya ci kuɗin ciwon 'yarsa daga aljihun maƙwabci?

Gwaggo Tani ce ta tare shi yana gyaran koma. Ita ta goya shi yana jariri, don haka ba ta da abin jin nauyi.

"Tsoho, idon wa ya tahi?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan.

"Naka biyu suna nan, da su kake ɗinkin koma. Ka yi kyauta da akuyar da ba taka ba, kana ta jin daɗi mutane suna yabon hannunka. Tashi mu tahi wurin liman."

Liman ya ji kunya shi ma, don yana wurin aka yi. Ya ce gaskiya haƙƙin rauni na mai rauni ne, ita ke da ikon yafewa ko karɓa, kuma karɓar diyya ba rashin tawakkali ba ne. Ya ƙara da cewa yafe wa Ɗan Baba a zuciya abu ne mai kyau, ba ya hana a karɓi abin da aka tanada domin irin wannan rana.

Malam Tsoho ya tashi ya nufi bakin ruwa. Ya tura kwalekwale ya shiga tabki tun hantsi, bai jefa koma ko sau ɗaya ba, masunta suna kallonsa daga nesa. Da la'asar ya dawo ya zauna a bakin tabarmar 'yarsa, abin da bai saba ba.

"Ɗiyata," ya ce, "na yi gaggawa. Na ba da abin da ba nawa ba, ban ko tambaye ki ba. Ki nemi hakkinki, da yawuna."

Rahama ta lalubo hannunsa mai kaushin igiya ta riƙe. 

Wanda bai taɓa bin dosiye, wato takardun neman haƙƙi a ofisoshi, ba bai san haƙuri ba. Takardar likita, takardar jandarma, takardar haihuwa, hoto, tambari, a dawo Litinin, mai sa hannu ya tafi Yamai, a dawo bayan Salla. Al'amin ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan babur ɗin aro, ya sayar da tattasai ya zuba mai. A kotu Ɗan Baba ya tsaya ya faɗi gaskiya, Rahama ta ce ita ta yafe masa tsakaninta da Allah. Ba a ɗaure shi ba, amma an ci shi tara, an karɓe masa parmi, wato lasisin tuƙi, na wata shida, ya koma noman gero yana cewa ya fi samun barci.

Duk tsawon watanni takwas ɗin nan babu Ɗalibi, babu Madan tawa. Saƙonninsu ba su wuce na aiki ba. Shi ya ce, "An karɓi takardar likita, saura tambarin kotu." Ita ta ce, "Na ji. Allah ya saka." Sau ɗaya kawai, ranar da ruwa ya dake shi a hanyar Maradi ya kwanta zazzaɓi, ta ƙara da cewa, "Ka sha magani." Kalmomi ukun nan ya yi ta jinya da su har ya warke.

Da labari ya bazu cewa kamfani zai biya, sai ga Sani ya dawo daga Jibiya da turare da sabon takalmi, yana cewa da ma neman abin aure ya tafi. Gwaggo Tani ta tare shi a zaure ta tambaye shi ko hanyar Jibiya ce ba ta da rezo na kiran waya wata goma sha uku. Ta ce ya bar turaren in ya ga dama, amma ya tafi da takalminsa tun suna ƙafarsa.

Kuɗin suka fito, da sunan Rahama, a hannun Rahama. Ranar da Alhaji Jatau ya tabbatar cewa ko dala ba ta fita daga aljihunsa ba, sai fushinsa ya sauya alƙibla. Ya zauna a tasha yana salati, yana cewa ashe shekara ashirin yana kiwon saniya bai san tana da nono ba. Kafin mako ya zagayo ya zama mai wa'azin asiransi, yana tare direbobi yana yi musu bayani kamar shi ya gano abin. Amma da ya koma gida ya kaɗaita, ya tuna maganar da ya yi ta ido da miji, sai kunya ta kama shi. Ya aika aka kira Al'amin daga garka, ya tura masa makullai ba tare da ya dube shi ba, ya ce tuwo yana hucewa.

Rahama ta tafi Yamai da Gwaggo, ta hana kowa rakiya. Aka yi aiki. Ba a yi abin al'ajabi ba: idon dama yana nan yadda yake, na hagu ya buɗe rabi. Da tabarau mai kauri tana gane fuska idan an matso, tana karanta manyan baƙaƙe a allo, tana zuba shayi ba ta zubar ba. Ta ce wannan ma arziki ne, kuma ta fara maganar komawa aji a lakwal ɗin cikin gari.

Kwana uku da dawowarta Al'amin ya yi sallama a zaure, da izinin Malam Tsoho. Ya zo hannu wofi, ko ganyen zogale bai riƙo ba. Ta fito ta zauna, ta ce ya matso. Ya matso. Ta ce ya ƙara. Ta gyara tabarau ta dube shi tun daga hula har haɓa, ba ta gaggauta ba, shi kuwa gumi yana bin bayansa.

"Gwaggo ta ce mini kai kyakkyawa ne," ta ce. "Ashe ba ta ambaci kunnuwan ba."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya faɗi abin da ya zo da shi.

"Madan, yanzu gidanmu ba ya riƙe da komi naki. Abin da na ɓoye na hito da shi, ko da na makara. In kin kore ni yau, saurayi kawai kika kora, babu wanda za ya ce kin yi asara. In kin karɓe ni, ba ni da abin ba ki sai ni da garka."

"Ka san abin da ya hi ba ni haushi a wata takwas ɗin nan?" in ji ta. "Kullum ina son in ce maka ina son ka, ba ni da damar hwaɗa. Yanzu na samu. Ina son ka, Ɗalibi. Ka turo manya."

Daga ciki Gwaggo Tani ta yi tari, amma wannan karon guɗa ce ta biyo baya.

Alhaji Jatau da kansa ya je neman auren, ya zauna a ƙasa, ya roƙa kamar kowane uba. Hajiya Rabi ta fi kowa jinkirin saukowa. Ta je duba Rahama da niyyar gaisuwa kawai, ta tarar da ita tana tankaɗe tana ba Gwaggo amsa ɗaya bayan ɗaya, suka yi hira har azahar. Da ta dawo ba ta ce ta yarda ba, sai dai ta tambayi Al'amin wane launi yarinyar ta fi so, don za ta Maradi sayen atamfa.

Aka ɗaura aure ranar Asabar bayan an gama girbi. Masunta suka kawo kifi, direbobin tasha suka jera motoci suna ta oda, Ɗan Baba, da aka mayar masa da parminsa, shi ne ya tuƙa motar amarya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har mata suna yi masa tsiya.

Da aka shigar da ita ɗakinta kafin magariba, mata suka cika gidan. Rahama tana zaune a bakin gado a lulluɓe, tana jin kowa. Sai wata baƙuwa daga cikin dangin nesa ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah sarki, yaron nan ya yi jihadi, Allah ya ba shi ladan taimakon da ya yi wa baiwar Allah.  A ƙarƙashin mayafi Rahama ta damƙe gefen zanenta.

Hajiya Rabi ce ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Wane taimako?" ta ce. "Ɗana ya yi shekara shina bin yarinyar nan, sau biyu tana korar shi, ya kwana a bukka, ya sha ruwan sama a hanyar Maradi, da ƙyar ta dube shi. Ku yi mishi barka dai, shi ya yi sa'a."

Mata suka kwashe da dariya, guɗa ta tashi har waje. Rahama ta saki zanen da ta damƙe. Hawaye suka zubo mata daga ido mai gani da wanda ba ya gani, ba ta share ba.

Gwaggo Tani ta ɗora hannu a kanta ta yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su ga jikokinsu, ya kare mafita da mashiga daga sharrin hanya. Duk ɗakin aka shafa, aka ce amin.